Haɗin Gambiza Ne Ko Kuwa Gwaninta?

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata 'yar gardama ce da ta tashi a ɗakin hutawarmu ran wata Asabar da la'asar, wadda har yanzu ba ta mutu ba, gama duk sa'ad da muka taru wurin cin abinci sai wani ya tono ta. Na ga ya kamata in kawo ta fili in faɗi nawa ra'ayi. Wanda ya ga na kauce kuwa, ga shafi nan, sai ya amsa mini a fitowa ta gaba.

Ga yadda abin ya faru. Wani abokinmu ya haɗa wayarsa da lasifika, ya sa mana faifan wani mawaƙin Amurka mai suna Kendrick Lamar, yana tsallakawa daga wannan waƙa zuwa waccan don mu ɗanɗana. Ana cikin haka sai ga wani dattijo daga cikin malamanmu ya zo wucewa, ya tsaya bakin ƙofa ya kasa kunne. Da fari ya ji mace tana rera waƙa da wani harshe wanda ba Turanci ba, kamar mai makoki. Bai ankara ba sai namiji ya shigo da magana da sauri, kamar ana cacar baki a kasuwa. Can kuma sai ga wata tsohuwar waƙar soyayya irin wadda ya ce ya kan ji a rediyo yana saurayi. Malam ya girgiza kai ya ce, "Kai samari, wannan ai haɗin gambiza ne. Mutum ya rasa nasa, ya bi gida gida yana yagar na mutane." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, in an ba ni dama ina da magana." Ya ce, "Ɗana, je ka rubuta ta, ni na fi gane magana a takarda." To, ga ta na rubuta.

Da farko bari in gaya wa wanda bai sani ba ko wane ne wannan mutum. An haife shi ran 17 ga watan Yuni, 1987, a wani gari da a ke kira Compton, kusa da birnin Los Anjalis a jihar Kalifoniya. Sana'arsa ita ce irin waƙar nan da Turawa ke ce wa hip-hop, mu kuwa muka laƙaba mata gambarar zamani, domin ta yi kama da aikin 'yan gambara wajen zuba magana a kan kiɗa, da zambo, da habaici. A shekarar 2018 aka ba shi lambar girma ta Pulitzer saboda faifansa mai suna DAMN., kuma shi ne na fari da ya sami wannan lamba ta kiɗa ba tare da yana cikin masu kiɗan gargajiyar Turai ko masu jaz ba. Faifan da mu ke gardama a kansa sunansa GNX, shi ne na shida cikin manyan fayafayansa. Ya fitar da shi ran 22 ga watan Nuwamba, 2024, ba zato ba tsammani, ba shela ba talla. Waƙoƙi 12 ne a ciki, duka ba su kai minti 45 ba. Na ce faifai ne don sabo, ko da ya ke yawancinmu a cikin waya mu ke jinsa.

Malam bai yi kuskure ba da ya ce an gauraya abubuwa da yawa. Bari ma in ƙara masa da waɗanda bai tsaya ya ji ba. Matar da ta buɗe faifan sunanta Deyra Barrera, 'yar ƙasar Meziko, da Sifaniyanci ta ke waƙa, salonta kuwa shi ne mariyaci, watau kiɗan mutanen Meziko da a ke yi da goge irin na Turawa da begila da jita. Muryarta ta fito a waƙoƙi uku. Tsohuwar waƙar soyayyar da Malam ya gane kuwa Luther Vandross ne da Cheryl Lynn suka rera ta a 1982, su ma ba tasu ba ce, Marvin Gaye ne ya tsara ta ya rera tare da Tammi Terrell a 1967. Kendrick ya tsakuro muryar Vandross ya gina sabuwar waƙa a kai, shi da wata mawaƙiya mai suna SZA. A wata waƙar ya tsakuro kiɗan rawa na Debbie Deb na shekarar 1983. A wata ya ɗauko kiɗan marigayi Tupac Shakur, har ya kwaikwayi yadda ya ke fitar da magana. A wata kuma ya aza labarinsa bisa waƙar waɗansu mata uku da a ke kira SWV ta 1996. Ko masu haɗa masa kiɗan ma ba daga rariya guda suka fito ba. Akwai Sounwave, abokin aikinsa tun suna samari, akwai Mustard gwanin kiɗan rawa na Los Anjalis, akwai Jack Antonoff wanda aka fi sani da aikin Taylor Swift, akwai kuma Kamasi Washington mai busa saksafon na jaz.

To, in haka ne, me ya raba wannan da haɗin gambiza? Ni a ganina gambiza ita ce a tara abubuwan da babu dangantaka tsakaninsu, mai tarawar ma bai san dalilin tara su ba. Kadan muka duba wannan faifai da kyau za mu tarar akwai igiya guda da ta ɗaure kayan duka, ita ce garin da mutumin ya tashi. Mu ɗauki mariyacin nan da ya fi ba Malam mamaki. Ƙasar Kalifoniya kanta ta Meziko ce har zuwa 1848. Yau kusan rabin mutanen Los Anjalis 'yan asalin Meziko ne da maƙwabtanta masu jin Sifaniyanci, a Compton kuwa sun fi rabi. Yaron da ya girma a can, kiɗan nan ta bayan katangar gidansu ya ke shigowa ran biki ko ran makoki, kamar dai yadda mu da ke zaune a wannan kwaleji mu ke kwana da kiɗan mutanen garin nan ko ba mu nema ba. Ita Deyra Barrera ma a cikin birnin aka same ta. A watan Oktoba, 2024, ta yi waƙa a filin wasan Dodgers don tunawa da Fernando Valenzuela, shahararren ɗan wasan besbol ɗan Meziko wanda ya rasu a wannan wata, daga nan ne aka neme ta. Ashe ke nan maƙwabciya ya kira, bai je wata uwa duniya ya yi aro ba.

Haka kuma sauran. Tsofaffin waƙoƙin soyayya da na rawa su ne abin da iyayen tsararsa ke sa wa a gida da mota. Tupac kuwa, Kendrick da bakinsa ya sha faɗi cewa yana ɗan shekara 8 ubansa ya ɗora shi a kafaɗa ya ga Tupac da Dr. Dre suna ɗaukar hoton wata waƙa a Compton, tun daga ran nan abin ya shiga ransa. Nauyin kiɗan da ke ƙarƙashin yawancin waƙoƙin faifan shi ne irin na gaɓar yamma ta Amurka, wanda Dr. Dre, shi ma ɗan Compton, ya shahara da shi tun 1992. Ko sunan faifan ma na gida ne. GNX wata baƙar mota ce da kamfanin Buick ya ƙera a 1987, shekarar da aka haife shi, guda 547 kaɗai aka yi. Sa'an nan mawaƙan da ya gayyato, in ka cire SZA da Roddy Ricch, yawancinsu samari ne na unguwannin Los Anjalis waɗanda ba a san su a waje ba. Mutumin da zai iya kiran duk mashahurin da ya so, ya koma ya ɗauko ƙannensa na unguwa. Wanda ya rasa nasa ba haka ya ke yi ba.

Dalili na biyu shi ne ita wannan sana'a a cikin gauraye aka haife ta. Masu tarihi suna ƙirga farkonta daga ran 11 ga watan Agusta, 1973, a unguwar Bronx ta birnin Niyok, inda wani saurayi haifaffen Jamaika da a ke kira DJ Kool Herc ya yi kiɗa a wani biki. Dabararsa ita ce ya aje garmaho biyu, ya sa faifai iri ɗaya a kan ko wane. Ya lura akwai wurin da mawaƙi ke yin shiru ganga kaɗai ke tashi, a nan ne masu rawa suka fi zabura. Sai ya riƙa sa wannan wuri a garmaho na fari, in ya ƙare ya koma na biyu, ya mai da na farin baya, har ɗan guntun kiɗa ya zama dogo. A kan wannan ne samari suka fara zuba magana. Watau tun ran fari da fayafayan mutane aka yi ta, domin yaran matalauta ne, ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa, abin da ke ɗakin iyayensu shi suka mai da kayan aiki. Wanda ya ce a yi hip-hop ba tsakure, kamar ya ce a yi fura ba gero ne.

Amma fa a nan ne maganar Malam ta yagar na mutane ke da ƙarfi, dole in tsaya mata. Gaskiya ne an daɗe ana ɗauka ba a tambaya. A shekarar 1991 wani mawaƙi ɗan Ailan mai suna Gilbert O'Sullivan ya kai ƙarar Biz Markie gaban kotu a Niyok, saboda ya tsakuri waƙarsa ba da izini ba. Alƙali ya ce wannan sata ce, aka janye faifan daga kasuwa. Tun daga nan manyan kamfanoni ba su yarda su fitar da waƙa sai an nemi izinin mai abin da aka tsakura, an yi ciniki, an rubuta sunansa cikin jerin masu waƙar, shi ko magadansa su riƙa samun rabonsu. Wannan shi ne dalilina na uku, kuma shi ne mafi girma a wurina. Kendrick bai ɓoye inda ya samo ba. Waƙar da ya gina bisa muryar Vandross, wanda ya rasu tun 2005, sunan mutumin ya sa mata, ya kira ta "luther". Waƙar ta yi mako 13 tana kan gaba a jerin Billboard na Amurka a 2025, yara da yawa waɗanda ba a haifa ba sa'ad da mutumin ya rasu suka koma neman tsofaffin fayafayansa. Ɓarawo ba ya rubuta sunan mai kaya a jikin kayan.

Mu 'yan Nijeriya ma muna da shaida a kan wannan. A faifansa na 2015 mai suna To Pimp a Butterfly, waƙar ƙarshe an gina ta ne bisa wani kiɗa na Fela Anikulapo Kuti, yadda wani mai busa saksafon na Amurka, Houston Person, ya sake kaɗa shi. Duk wanda ya duba bayanin faifan zai ga sunan Fela a rubuce. Daga Legas kiɗan ya tafi, ya bi ta hannu biyu, amma sunan mai shi bai faɗi a hanya ba.

Kada wani ya zaci na zo wanke mutumin nan tas ne. Akwai abubuwan da ba na so a faifan, ba kuwa kaɗan ba. Ashar da baƙar magana sun yi yawa, har akwai waƙoƙin da ba zan iya ji gaban mahaifina ba, balle in sa wa 'yan makaranta. An fitar da shi ne a shekarar da ya yi ta musayar zambo da Drake, mawaƙin Kanada, zafin wannan rigima kuwa yana nan cikin muryarsa, ga cika baki, ga ƙorafi a kan waɗanda ya ke ganin sun ƙi shi. Akwai kuma waƙar da ya gina bisa ra'ayin cewa rai ya kan komo duniya cikin wani jiki, abin da Musulminmu da Kiristanmu duk ba su yarda da shi ba. Da Malam ya ce bakin mutumin ba shi da linzami, da ban yi musu ba. Amma laifin baki dabam, laifin haɗi dabam. Har cikin wannan hali akwai abin yabo. A waƙar da ya ba da labarin farkon tashinsa da abokansa, ya amsa da kansa cewa shi ne sanadin rashin ɗorewar ƙungiyarsu. A waƙar ƙarshe kuwa za ka yi ta zaton wata mace ya ke yi wa waƙa, sai a ƙarshe ka gane alƙalaminsa ne. Mu da za mu ci abinci da alƙalami da alli, ai mun san wannan soyayya.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da mawaƙin Amurka, mu da muka zo koyon aikin malanta? Ruwanmu kuwa har wuya. Sa'ad da na je gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare, na tarar yaran aji uku sun haddace waƙoƙin nan fiye da yadda suka haddace abin da na ba su. Waɗansu ma suna tsara nasu a bayan littafin lissafi. Na karɓi na wani yaro na duba, sai na ga sunayen titunan Amurka ne, da bindigogin da bai taɓa gani ba, da motocin da ko a hoto da ƙyar ya san su. Na tambaye shi, "Kai, wace waƙa kakarka ke yi in tana daka?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan ta ƙauye ce." Wannan amsa ta tsaya mini a rai. Yaron ya kwaikwayi rigar mutumin da tafiyarsa da asharinsa, amma abu guda da ya sa mutumin ya yi fice, watau komawa gida ya tono na iyayensa, shi ne ya bari. In akwai haɗin gambiza, to, ga shi nan. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ba na cewa ba a yi kome ba a ƙasar nan. Olamide yana yi da Yarbanci, Phyno yana yi da harshen Ibo, ClassiQ da DJ AB suna yi da Hausa, wannan kuwa babban mataki ne. Amma rumbun da ke bayanmu ba a ko taɓa rabinsa ba. Ga kalangun Mamman Shata wanda ya rasu a 1999, ga kuntigin Ɗan Maraya Jos wanda ya rasu a 2015, ga ƙwaryar Barmani Coge wadda ta rasu a 2013, ga apalar Haruna Ishola, ga kiɗan Osita Osadebe. Kunnen yaran yanzu bai ƙi tsohon kiɗa ba. Kun dai gani a 2024 yadda wata waƙar Mike Ejeagha ta 1983 ta sake tashi, ƙasa duka ta ɗauka ana rawa, dattijon yana da rai ya ga abinsa kafin ya rasu a 2025. Da tsohuwar zuma a ke magani. Abin da na ke roƙo shi ne duk saurayin da zai ɗiba daga wannan rumbu ya bi ta ƙofa, ya nemi magada, ya faɗi sunan mai kiɗa, ya ba da haƙƙi. Iyalan makaɗanmu da yawa suna zaune cikin rashi alhali ana jin muryar iyayensu ko'ina.

Har wa yau maganar ta taɓa mu ta wata fuska wadda ta fi kusa. Ba da daɗewa ba mu 'yan ajin ƙarshe za mu miƙa kundin bincikenmu. Kowa ya san abin da waɗansunmu ke yi, a shiga intanet a kwafo shafi biyar nan, shafi uku can, a liƙa, a rubuta suna a bango. Shi ma haɗi ne, amma na ɓarawo. Ba wanda ya hana mu ɗauko maganar masana, ilmi duka a kan na magabata a ke gina shi. Sharaɗin dai shi ne ka fahimci abin da ka ɗauko, ka san abin da ya sa ka aje shi kusa da ɗan'uwansa, ka faɗi mai shi, sa'an nan ka ƙara naka. In mawaƙin gambara, wanda mu ke raina wa hankali, ya iya kiyaye wannan sharaɗi, abin kunya ne a ce mai shirin zama malami ya kasa. Wanda ya sami takardar shaida da kwafe kuwa, da wane ido zai dubi yaro gobe ya hana shi satar amsa?

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana ita ce, in mun shiga aji mun tarar da yara da irin waɗannan waƙoƙi, kada mu tsaya ga tsawa da ƙwace waya kaɗai, gama da mun juya baya za su koma. Mu hana su ashar, wannan wajibi ne. Sa'an nan mu tambaye su, wannan kiɗan daga ina aka samo shi, wa ya fara yinsa, a wace shekara? Mu sa su su je gida su rubuto waƙar daka ko ta reno ko ta noma guda ɗaya daga bakin tsofaffinsu, da sunan wanda ya ba su. Yaron da ya koyi tambayar asalin waƙa, ya koyi tambayar asalin magana, wannan kuwa shi ne farkon ilmi.

Allah ya gafarta Malam, ga amsata. Na yarda an gauraya, na yarda bakin mutumin yana bukatar wanki, amma ban yarda ya rasa nasa ba. In na yi kuskure a gyara mini, gama ɗalibi ba ya wuce gyara. Allah ya sa mu zama malamai masu riƙon amana, masu ba ko wane mai haƙƙi haƙƙinsa, amin.